Sulken Kabul da Yatsun Basiratu

Zuwa ga Mai girma, Mai daraja a cikin ma'aikata, Shugaban Ofishin Tantance Ingancin Ayyukan Wuta, wanda in ya sa hannu aiki ya kammala ko da bai kammala ba,
Birnin Yamai.

Ranka shi daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na talaka, ina fatan wagga takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da dukkan ma'aikatanka, na farke da na barci. Ina kuma roƙon Allah shi sa pampon da ka buɗe yau da safe ruwa kaɗai ya ba ka, bai haɗa maka da wani abu ba. Kada ka yi mamakin wagga addu'a. A unguwarmu ta shiga cikin manyan addu'o'i.

Sunana Magagi Albarka, mutumin Filinge. Ba ka san ni ba, kuma ban ga laifinka ba. Tsohon direban babbar mota ne ni. Ƙuruciyata duk bisa hanyar Yamai ta ƙare, in hawo da siminti da shinkafa, in gangara da shanun Baleyara, har ranar da bayana ya ce shi kam ya sauka. Da mutanen unguwarmu ta bayan kasuwar dabbobi sunka ga ina yini gindin icce ina kirga motocin wasu, sai sunka naɗa ni shugaban komitin ruwa. Sarauta ce ba rawani ba albashi. Mabuɗi guda anka ba ni, sai zagi, shi kuwa ba a auna shi.

Tambaya guda ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma an ce mini duk ƙasar nan kai kaɗai ke da ikon amsa ta. Kabul ɗin nan mai rigar ƙarfe, wanda masu aikin wuta ke ce ma mai sulke, shin doka ta ce dole ne a haɗa sulkensa da ƙasa, ko kuwa ta bar ma mai aiki shi yi in ya tashi da farin ciki? Na yi wagga tambaya ta salula, anka ce in rubuto. Na rubuto cikin ambulan, anka ce ta iso, tana hutawa. Shi ya sa wanga karo na rubuto ta a buɗe, ko iska ta taimaka ta kai maka.

Ka yi mini haƙuri in faro daga farko. Bara, bayan kaka, anka haƙa mana foraj, wato rijiyar burtsatse, anka ɗora shato, babban tankin ruwa, bisa ƙafafun ƙarfe, anka sa pampo na mata da dogon komin ƙarfe na shayar da dabbobi. Wallahi mun yi murna, kuma har gobe muna godiya ga waɗanda sunka kawo. Aikin jawo wuta daga bakin hanya zuwa injin ruwa, Kamfanin Annurin Dallol ya samu kwangilarsa. Sunka bizne kabul cikin ƙasa, inda ya fito kuma sunka ɗaure shi jikin ƙafar shato da jikin bututu. Ranar buɗewa injiniyansu, Mushe Kamal, wato Malam Kamal da Faransanci, ya ɗaga guntun kabul sama kowa shi gani, ya ce: "Ku dubi wanga da kyau. Sulke gare shi awa na mayaƙan da. Gara ba ta cin shi, kusu ba ya cin shi, ko amalanke ta taka shi ba ya ji." Munka tafa har hannuwanmu sunka yi zafi. Sannan anka karanta mana takardar ofishinka mai hatimi, wadda ta shaida aiki ya yi daidai da ƙa'ida. Munka sake tafawa. Ga abin da ya biyo bayan tafin, na jera maka shi don kada in ɓata maka lokacin da na san ba ka da shi.

Na ɗaya. Ba a yi nisa ba pampo ya fara tsungulin mata. Ba kullum ba, kuma ba da ƙarfi ba: mace ta kama shi da jiƙaƙƙen hannu, sai ta ji zirr har gwiwar hannu. Na buga ma Mushe Kamal. Ya yi dariya irin ta masu ilimi, ya ce zannuwan roba da matan yanzu ke ɗaurawa su ke tara wuta. Na isar da saƙo. Matan sunka ce in tambaye shi ko jakin mai ga-ruwa shi ma zanen roba gare shi, don ko da bulala ya daina yarda shi matso kusa da bututun.

Tunda mai ilimi ya ce ba wuta ba ce, sai mutane sunka koma ga abin da sunka sani. Tsofaffi sunka tuna wani gawo da anka sare a wurin kafin a kafa shato, sunka ce masu gawon ne ba a sallama ba. Wata ta kawo baƙar kaza. Liman ya hana kaza, ya zo da kansa ya yi tofi. Mutanen ɓoye sunka saurari karatu da ladabi, sunka ci gaba da aikinsu. Abin da ya ɗaure mana kai, ranka shi daɗe, shi ne duk sa'ad da anka ɗauke wuta a gari su ma sai su tafi, in anka maido ta su dawo tare. Cikin manyan littattafan ofishinka, an taɓa ambaton aljanin da ke jiran kuran, wato wutar lantarki, kafin shi fita aiki?

Na biyu. Da ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta jiƙe, sai tsunguli ya girma. Akwai wani maƙwabcina Kailu, manomi, mai shanun noma biyu waɗanda ya kiwata tun suna maruƙa. Ya kawo su komi da hantsi. Babban ya tsoma baki cikin ruwa, ya yi wata irin ƙara da ban taɓa jin sa ya yi ba, ya sandare, ya faɗi da baki cikin komin. Kailu ya zaro wuƙa shi yanka kafin rai shi fita, ko nama shi halatta. Yana kama ƙaho abin ya yi jifa da shi cikin taɓo. Yana zaune nan, wuƙa a hannu, yana kallo, sa ya zama mushe.

Da la'asar wani Mushen, wato Kamal, ya iso cikin mota don duba na kwance. Ya zagaya shi daga nesa, hannuwa cikin aljihu, ya ce ga dukkan alamu ciwon zuciya ne, dabbobi ma suna yi. Kailu mutum ne mai sanyi, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya ce: "Mushe, san da ya ja garma jiya har rana ta hwaɗi? Zuciyar da ke ciwo a nan tawa ce." Sa guda ba ya jan garma. Kailu ya yi daminar bana da hauya, shi da matarsa, rabin gonar ya bar ma ciyawa. Kamfanin dai bai yi rowa ba: ya aiko wani da turnabis, abin murɗa kusa, ya ɗaure wani abu cikin akwatin wuta, ya ce an gama. Ina tambaya cikin ladabi, in sa ya mutu da ciwon zuciya, me anka zo ɗaurewa? In kuwa akwai abin ɗaurewa, me takardar ofishinka ta shaida ranar buɗewa?

Na uku. A nan ina roƙon ka rage saurin karatu. Ina da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, sunanta Basiratu. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya, kuma ba ta taɓa zuwa ƙofata roƙon hatsi ba, domin tana da yatsu. Mai kitso ce. Amaren ƙauyukan ƙasarmu ta Kurfai bisa amalanke ake kawo su gidanta, kuma in ta yi ma mace kitso, ko a tsakiyar kasuwa anka gan ta ba a tambayar wa ya yi.

An ce mana an gyara, munka yarda, munka ci gaba da ɗibar ruwa. Rana ta yi ta yi, ƙasa ta bushe, ba wanda ya ji komi. Sai wata safiya bayan ruwa Basiratu ta zo da bokitinta. Taɓo ya cire mata takalmi, ta bar shi nan, ta ce in ta cika ta ɗauka. Ta kama pampo da hannun dama. Hannun ya rufe bisa ƙarfen, ya ƙi buɗewa. Ba ta yi kuwwa ba, don abin bai bar ta ta yi ba. Matan da ke layi sunka ga tana karkarwa, idanu sun kafe. Wasu sunka watse suna salati, wata ta miƙa hannu za ta jawo ta. Allah ya kawo Inna Rukayya, tsohuwar da ke yi ma mutane daka, tana tafe da taɓaryarta a kafaɗa. Ita ta daka ma waccan tsawa, ta ɗaga taɓarya ta maka ma Basiratu a damtse da iya ƙarfinta. Nan ta saki, ta faɗi. Ranka shi daɗe, a duk kayan kariyar da anka ƙera a Turai anka sa ma foraj ɗinmu, wanda ya yi aiki ranar nan taɓarya ce.

A likita sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah shi saka musu. Ƙunar tafin hannu ta warke. Amma babban yatsa da biyu na kusa da shi sun ƙage, ba su lanƙwasa, ba su miƙewa. Da na je duba ta, na iske ta ɗora hannun bisa gwiwarta tana kallonsa. Ta ce: "Yaya, wanga hannu nawa ne kuwa? Ina aiken shi, ba ya zuwa." Ta gwada kitso bisa kan ɗiyarta, kafin ta kai ƙeya na goshi ya warware. Yanzu amaren na wucewa ta ƙofarta zuwa wani gida, suna yi mata sannu.

Ranar da abin ya faru na kashe wutar foraj, na datse akwatin da kwaɗo. Na buga ma Mushe Kamal. Bai tambayi ko tana da rai ba. Abin da ya fara tambaya shi ne: "Ta sa takalmi?" Ashe laifin na taɓo ne. Shin cikin ƙa'idojinku akwai inda anka rubuta cewa ruwan sha sai mai takalmi?

Na huɗu. Nan dole in gode maka, domin ka aiko mana masu bincike har biyu, dogo da gajere, cikin farar mota. Sun zo da hulunan kwano, da safar hannu, da takalman da ko taɓon kwarinmu na Dallol ba ya cire su. Sunka sa na kunna wuta, sunka kori kowa baya, sunka ɗora ma pampo wata na'ura mai wayoyi biyu. Ban san abin da ta nuna ba. Na dai ga su biyun sun ja da baya tare, ba wanda ya jira wani.

Dogon mutumin kirki ne, ya yi mana bayani da Hausa. Ya ce wayar da ke cikin kabul ta ji rauni wani wuri, tana taɓa sulken, sulken kuma na taɓa shato da bututu, don haka duk ƙarfen wurin ya ɗauki wuta. Ya ce da an kafa turken ƙarfe cikin ƙasa an haɗa sulken da shi, da wutar ta gudu ta nan tun ranar farko, makunnin da ke cikin akwati shi yanke ta da kansa. Tunda ba a yi mata hanya ba, sai ta zauna tana jiran wanda zai zama hanya. Na ce, to, ashe ya kamata a yi ke nan? Ya ce: "Obligatuwar." Gajeren ya ɗago kai daga salularsa ya ce: "A'a. Rekomande."

Daga nan Hausa ta ƙare. Sunka nemi kujeru, anka kai musu inuwa. Dogo ya ɗauko wani littafi da bangonsa ya cire, gajere yana shafa salula, sunka yi ta Faransanci har anka kira azahar. Direktan lekol ɗinmu, wato shugaban makaranta, yana gefe yana ɗan tsinto mana: wanga ya ce littafin wancan ya tsufa, wancan ya ce abin da ke cikin salular wanga dokar wata ƙasa ce. Wanga ya ce sulke ƙarfe ne da hannu ke iya kai gare shi, wancan ya ce in an bizne shi hannu ba ya kai. Basiratu ta kawo musu fura da hannun hagu. Sunka sha, sunka yaba, sunka wanke hannu da ruwan kwalbar da sunka taho da shi daga Yamai.

Liman ya tambayi direkta ma'anar kalmomin nan biyu da ake ta jifa da su. Da anka fassara mishi ya ce: "To, ɗaya na cewa farilla, ɗaya na cewa mustahabbi ke nan. Ni dai na yi karatu gwargwado, ban taɓa gamuwa da mustahabbin da barin shi ke kashe sa ba." Ni kuwa nawa ilimin na mota ne. Duk shekarun da na yi bisa hanya, ba jami'in da ya taɓa tsai da ni ya ce, Magagi, birki abu ne mai kyau, in ka samu hali ka sa. Ko kuwa wuta ta fi mota haƙuri ne? Kuma in ma'aikata biyu daga ofishi guda, cikin mota guda, ba su daidaita bisa dokar da sunka zo dubawa ba, wace doka ce mai hatimi ya duba ranar da ya buga shi?

Na biyar. Kada a ce sun tafi ba su bar mana komi ba. Sun bar allo. Allo ne mai kyau, na ƙarfe, da zanen ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu, da rubutun Faransanci. Sunka ɗaure shi da waya jikin ƙafar shato. Na nuna ma shanun unguwa, ban ga alamar sun gane ba. Wataƙila laifin iyayensu ne da ba su sa su lekol ba. Ba a daɗe ba Mushe Kamal ya zo ya matsa sai na kunna wuta, shi nuna mana tsoro ne kawai ke damunmu. Kafin shi gama sa safar hannunsa, direktan lekol ya ga allon ya karkace, ya kai hannu shi daidaita. Allon gargaɗi ya gargaɗe shi har tabarau ɗinsa ya faɗi. A iya sanina wanga ne allo na farko a ƙasar Kurfai da ke isar da saƙonsa ga wanda ya iya karatu da wanda bai iya ba. Ina ba da shawara a nemo wanda ya ƙirƙiro shi a ba shi lambar yabo.

Na shida shi ne garanti. Kamfanin Annurin Dallol ya sanar da mu matsayinsa cikin harshe mai daɗi. Turke ba ya cikin kwangila. In ofishinka ya ce dole ne, za su zo su kafa da gudu. In bai ce ba, ba za su ɓata kyakkyawan aiki da ƙari ba. Munka ce to, a bar mu mu nemi mai yi. Sunka ce duk wanda ya taɓa kabul ɗin ba da izninsu ba, garanti ya faɗi, kuma za su kai shi gaban jandarma don ɓarnar kayan jama'a. Ka ga inda anka ajiye mu: su ba su gyarawa sai ka yi magana, mu ba mu gyarawa sai sun yarda, kai kuwa, Allah shi ƙara maka lafiya, an ce ka kafa komiti yana nazari. Har yau ban gane abin da garantin nan ke karewa ba. Bai kare san Kailu ba, bai kare hannun Basiratu ba. Ina jin kabul ɗin yake karewa daga gyara.

Damina ta wuce, tabkuna sunka ƙafe, shato na tsaye wayam, mabuɗi na aljihuna. Mata sunka koma tsohuwar rijiya, wadda in ka jefa guga sai ka ɗan yi hira kafin ka ji ya taɓa ruwa. Makiyaya masu gangarowa daga wajen Abala su iso da garke yana kuka, su ga komi a bushe, a nuna musu gidana. Wani dattijo daga cikinsu ya tsaya ƙofata ya ce: "Kai ne anka ce ka kulle ruwa? Me dabbobi sunka yi maka?" In na buɗe in kashe wani, in na rufe ƙishirwa ta kashe. Mai ɗakina ma, da ke dawowa daga rijiya da tafin hannu a saluɓe, ba ta ce mini shugaba sai in tana son ta ba ni haushi. Kai da ke riƙe da amsar, an taɓa zuwa ƙofarka da garke?

Ƙorafina ya ƙare nan. Saura in sanar da kai abin da ya faru Juma'ar da ta wuce, don ya fi kyau ka ji daga bakina.

Bayan an sauko daga masallaci unguwa ta taru gindin shato. Anka kirawo Saminu, mai gyaran fanka da firigo a kasuwa. Ya zo da turke da guduma, amma da ya ga yawan idanu sai ya ajiye su ƙasa ya ce: "Ku yi mini rai. Ni ban san abin da doka ta ce ba, manya ma ba su sani ba. Ɗiyana ƙanana ne. In anka tambayi wa ya kafa, sunana za a hwaɗi." Gaskiya ya faɗa. Ni kaina na sunkuyar da kai.

Sai Basiratu ta ratso maza ta fito. Ta ce: "Saminu, kai dai nuna wurin. In an tambaya, ni na kafa." Anka tsai da turke, ta ɗauki guduma da hannun hagu. Bugun farko ta kuskure, ta sami ƙasa. Ba wanda ya yi dariya. Na biyu ya sauka bisa kan turke. Kafin ta sake ɗagawa Kailu ya karɓa, ya yi bugu guda wanda na ji har cikin haƙorana, ya miƙa ma Inna Rukayya. Daga nan abin ya zama layi. Liman ya yi bisimilla ya buga. Direktan lekol ya buga. Ni ma na buga. Mata sunka ajiye tulu sunka buga, makiyayan Abala da ba su san farkon zancen ba su ma sunka shiga layi. Turke ya nutse layi bai kai rabi ba, waɗanda ba su samu ba sunka fara rigima, dole Saminu ya koma kasuwa ya ɗauko turke na biyu. Ya ce daman biyun sun fi.

Ya haɗa sulken da turakun, na buɗe akwati na kunna. Nan take makunnin ya ce ƙas, ya yanke wuta da kansa, kamar yadda dogon ma'aikacinka ya faɗa. Munka bi kabul da haƙa, ba mu yi nisa ba munka iske raunin. Diga ce ta sare shi tun ranar da ake bizne shi, kuma wani mai hikima cikin ma'aikatan kamfani ya naɗe wurin da robar tayar moto, ya ɗaure da ledar biskit, ya mai da ƙasa. Wanga shi ne aikin da anka ce ya yi daidai da ƙa'ida. Saminu ya yanke wurin ya yi sabon haɗi. Na sake kunnawa. Injin ya tashi, munka ji ruwa na hawa shato.

Sai kuma anka rasa mai taɓa pampo. Jama'ar da ke rigimar guduma ɗazu duk sunka tuna suna da uzuri. Basiratu ta matsa. Na riƙe ta na ce ta bari in fara, ni ne shugaba. Ta ce: "Bari, Yaya. Wanga hannu ba shi da sauran abin da za a ɗauke mishi." Ta ɗora hannun dama bisa ƙarfen, ta murɗa da gefen tafi. Ruwa ya zubo. Ta daɗe tsaye, hannun na cikin ruwa, mata na guɗa.

Saboda haka, ranka shi daɗe, garanti ya faɗi, Allah shi jiƙan shi. In kamfani ya kai ƙara, ina roƙon a taho da mota babba, domin masu laifin sun haɗa da liman, da tsohuwa, da rabin matan unguwa, da wasu makiyaya da yanzu Allah kaɗai ya san dajin da suke.

Kana iya cewa tunda mun sha ruwa, a bar komiti shi ci gaba da nazari cikin natsuwa. Da na so haka. Amma ranar kasuwar da ta wuce motar Annurin Dallol ta tsaya shan mai a Filinge, ɗauke da manyan naɗin kabul mai sulke. Na tambayi direban inda za su. Ya ce wani gari ne can cikin Kurfai, ana gina gidan haihuwa, su za su kai wuta ga injin ruwansa. Na leƙa bayan motar da kyau. Ban ga turke ko guda ba.

Can ba sa ne zai tsoma baki ba. Ungozoma ce za ta buɗe pampo da jiƙaƙƙen hannu, bisa ƙasa mai laima, jariri na jiran wanka. Don haka nake durƙusawa gaban teburinka in roƙi kalma guda. In dole ne, ka faɗa da ƙarfi yadda za a ji kafin su mai da ƙasa bisa kabul. In kuwa ganin dama ne, ka rubuto haka da hannunka, ka sa sunanka a fili yadda zai karantu. Ni zan kai takardar garin da ƙafata, in tara masu ciki in karanta musu, don kowace ta san sunan da za ta kira ranar da pampo ya kama wata.

Ina neman gafara in alƙalamina ya taka inda bai kamata ba, talaka ne ya riƙe shi. Allah shi ja zamaninka, shi ƙara ma kujerarka laushi, shi ba komitinka tsawon rai, tunda ga alama yana bukatarsa.

Naka mai biyayya, mai ladabi, mai jiran amsa a tsaye,

Magagi Albarka
Shugaban komitin ruwa, unguwar bayan kasuwar dabbobi
Filinge